Kati Mai Lamba Bakwai

Cikin duk shekarun da na yi ina aikin gwamnati, ranar da ta ƙi fita daga raina ita ce ranar da na zaunar da Nomau mai goge a sahun gaba, tsakanin manajan banki da babban likita. Ku da kuka shigo aiki yanzu kuna ganin rabon katin gayyata ƙaramin abu ne, aikin masinja. To ku gyara zama. Ni kati ɗaya ya jinkirta min tabbacin muƙami har shekara guda, kuma da za a mayar da ni wannan rana, abin da na yi shi zan sake yi.

A lokacin ba a yi Jihar Kebbi ba, muna ƙarƙashin Sakkwato, komai daga can yake zuwa, har tawadar hatimi. Ofishinmu na al'adu a Birnin Kebbi ɗaki biyu ne da baranda. Maigidanmu Alhaji Haliru shi ne babban jami'i. Ni ne mataimakinsa, amma na riƙo, wato ina aikin kujerar ba a tabbatar min da ita ba sai maigida ya rubuta rahoto mai kyau a kaina a ƙarshen shekara. Sai Madam Rifkatu mai buga tafireta, 'yar wajen Filato, mijinta yana aiki a asibiti. Aikinmu bai wuce wannan ba: idan baƙi suka zo mu tara musu makaɗa da 'yan kokawa, mu shirya kujeru, mu rubuta rahoto cewa komai ya tafi lafiya.

Wata Litinin, ana tsakiyar yankan shinkafa, takarda ta zo daga Sakkwato tare da wani ƙunshi. Takardar ta ce wasu Turawa huɗu masu kiɗan goge irin nasu suna zagayen ƙasa, kuma za su yi wasa sau ɗaya a Birnin Kebbi, ranar Asabar mai zuwa, bayan La'asar, a zauren taron wata makarantar sakandare. Shiga kyauta ce, amma sai da kati. Cikin ƙunshin kati ɗari da ashirin ne, kowanne da lambarsa, lambar kuma ita ce lambar kujera. A ƙasan takardar an jera sharuɗɗa, na karanta wa maigida yana dariya: ba a liƙi, ba a kirari, ba a shiga da fita, ba a yin tafi sai makaɗan sun miƙe tsaye da kansu. Ya ce, "To wanga kiɗi na ko zaman makoki?"

Bari in bayyana muku yadda ake rabon kati, don kada ku ce mun yi son kai ne kawai. Akwai jeri. Kowane ofishi yana da shi a fayil, an tsara mutanen gari daga babba zuwa ƙarami, kuma da shi ake aiki ko bikin buɗe rijiya za a yi. Kana ɗaukar kati na ɗaya ka ba suna na ɗaya, haka har katin ya ƙare. Duk wanda ya karɓa ya sa hannu a littafi. Babban mutum idan ba ka kai masa ba, ka raina shi, kuma maganar za ta kai Sakkwato kafin kai ka kai gida. Idan ka kai masa kuwa, sau da yawa ba zai zo ba, sai ya tura wakili, ƙane ko direba ko wani na gida. Wakili kuma a wurinmu ba a taɓa shi. Kujerar wanda ya aiko shi ce kujerarsa, wanda ya tashe shi mai gidansa ya tasa. Saboda haka a littafin ma akwai layi na musamman da ake rubuta sunan wakili.

Kafin azahar ɗin Talata mun gama raba katin a takarda. Babu ko ɗaya da ya rage. Ni kaina ban samu ba, tunda ni ne mai tsaron ƙofa, balle Madam Rifkatu da ta buga jerin.

Ran Laraba da hantsi sai ga Nomau a baranda. Nomau mutumin Zauro ne, manomin shinkafa, kuma mai gogen da ofishinmu ya fi dogara da shi. Shekara da shekaru, duk baƙon da aka yi, shi muke aika wa, ya bar gonarsa ya zo da masu ƙwaryarsa ya yi, a ba shi abin da aka ba shi ya yi godiya ya koma. Ban taɓa jin ya roƙi ofis komai ba. A lokacin ya manyanta, yanar ido ta fara kama shi, sai ka matso kusa yake gane ka. Na ba shi benci, muka gaisa, na tambayi shinkafa, ya tambayi iyali. Ya murza hularsa a gwiwa.

"Malam Usumanu, an ce masu gogen Nasara za su zo."

"Gaskiya na, Baba Nomau. Ran Assabar."

"To, alhwarma niz zo nema. Kati nika so. Kuma gaba nika son zama, inda zan ga hannu."

Na yi dariya, na ce me zai yi da kiɗan da ba a rawa, ba a ko liƙi? Bai yi dariya ba. Ya ce in saurara. Ya ce yau shekara ta kai ashirin, wata rana yana zaune a shagon wani tela a unguwar Nasarawa, telan yana murɗa rediyo yana neman labarai, sai ya faɗa kan wani kiɗa. Nomau ya riƙe masa hannu ya ce ya bari. Goge ne, babu tantama, amma gogen da bai taɓa jin irinsa ba.

"Murya mai kauri ƙasa, siririya bisa, wasu biyu tsakani, dut lokaci guda. Ba ƙwarya, ba waƙa. Nic ce wanga wane irin hannu na Allah ya ba bawanai? Tun ran nan ban samu sukuni ba. Na gwada da yatsa, na gwada da bakan goge. Har tsirkiya ta biyu na ɗaura ma gogena, ta yaga min hwata. Mutane na cewa Nomau gwani na, ni ko na san akwai wani can da in ya ɗauki goge, ni ban kai in riƙa mai takalmi ba."

Na ce masa ai su huɗu aka ce za su zo.

"To, ubangida da yaranai ukku ke nan. Ni ma da yarana nika tahiya. Hannun ubangidan nika son gani kahin idon ga shi ida ruhewa. In na gani, ko ban iya ba, na huta."

Ni ban san komai game da wannan kiɗa ba, ban taɓa ji ba, don haka abin da ya faɗa shi na ɗauka. Amma maganarsa ta taɓa ni ƙwarai. Na ji kunya, mutumin da ya yi wa ofis hidima haka, kuma sunansa bai ko zo mana a rai ba. Bakina ya riga hankalina, na ce masa ya je ya kwantar da hankalinsa, zai zauna a gaba. Sai da ya tafi na tuna ba ni da ko rabin kati.

Na shiga wurin maigida na yi bayani. Alhaji Haliru ba mugu ba ne, kada ku ɗauke shi haka. Mutum ne mai tsoron ƙorafi, kuma a aikin gwamnati irin wannan tsoro yakan sa mutumin kirki ya yi abin da ba ya so. Ya ajiye biro ya dube ni.

"Usman, lahiyarka ƙalau? Maroƙi cikin manya, kuma sahun gaba? Wa za ka tasa ka ba shi?"

"Ranka shi daɗe, rabinsu ba zuwa za su yi ba."

"Ko ba su zo ba, kujerassu ta. Ka ce mai shi tsaya taga, ai za a buɗe ta. Ji dai za shi yi."

Na ce ba ji yake nema ba, gani yake nema, kuma daga taga ba abin da zai gani. Ya ce maganar ta ƙare, in shirya gobe in kai katin mutanen Argungu.

Na fito raina a ɓace. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, masu goge za a tara manyan gari su saurara cikin ladabi, amma mai gogenmu bai isa ya zauna kusa da su ba. Na zauna ina juya littafin sa hannu ina tsaki. Madam Rifkatu, da ta ji komai ta bangon katako, ba ta ɗago daga tafireta ba ta ce, "Malam Usman, kai kana neman kati. Ni da ni ce, mai kati zan nema." Ta miƙo hannu ta ɗora yatsa a kan layin wakilai, ta koma bugunta. Wallahi sai na ji kamar an buɗe min taga.

Na bi jerin da ido ina neman wanda ke sahun gaba, wanda ba zai zo ba, kuma wanda maigida ba zai iya ɗaga wa murya ba. Na tsaya a lamba bakwai. Malam Manu na Argungu, tsohon hedimasta, wanda rabin manyan ma'aikatan yankin suka bi ta ƙarƙashin bulalarsa, har da Alhaji Haliru. Ya daɗe da yin ritaya, ciwon gwiwa ya hana shi fita, amma ba wanda ya isa ya cire sunansa daga jeri.

Washegari na hau babur ɗin ofis na kama hanyar Argungu, katuna a jaka. Na bi gida-gida na raba, kowa ya karɓa ya yaba takardar ya sa a aljihu, ba wanda ya tambaye ni ko wane irin kiɗa ne. Gidan Malam Manu na bari a ƙarshe. Na same shi a zaure, ƙafa a miƙe bisa buzu, tabarau a kan hanci. Na durƙusa na gaishe shi na miƙa kati. Ya karanta gaba da baya, don shi ba ya sa hannu a abin da bai karanta ba.

"Ɗana, ni da ko masallaci sai an riƙa ni, mi zan yi da kiɗin Nasara? Ka ce ma Haliru na gode."

Nan na yi ta maza. Ban yi masa dabara ba, na faɗa masa gaskiya tun daga shagon tela har zuwa abin da maigida ya ce. Ya saurara bai katse ni ba. Da na gama ya cire tabarau.

"Nomau na Zauro? Wanda ka noma hwadama?"

"Shi hwa, Malam."

"Shekara ishirin yana neman sanin abu guda?" Ya girgiza kai. "Na koyar da yara sun hi dubu, ban samu goma masu irin wanga naci ba. Miƙo min biro."

Ya yagi takarda ya rubuta da wannan rubutu nasa mai tsayuwa kamar soja: Nomau na Zauro shi ne wakilina, a ba shi kujerata. Ya sa hannu, ya sa kuma a littafi. Ya tambaye ni ko Haliru ya sani, na ce bai sani ba. Ya yi murmushi ya ce to ni zan sha zafin, ba shi ba, ko na shirya? Na ce na shirya. Ina miƙewa ya ƙara da cewa, "Ka ce mai kada shi ari rigar kowa. Shi zo da tashi."

Da yamma na ratsa Zauro. Na samu Nomau a masussuka, ƙaiƙayi har gira. Na ba shi katin da takardar, na karanta masa sharuɗɗa ɗaya bayan ɗaya. Da na zo kan liƙi ya ce wannan kam zalunci ne, mutum ya taso daga wata uwa duniya ya yi kiɗa ba a manna masa ko sisi ba, amma tunda doka ce ya ji. Ya goge hannunsa a riga sau biyu kafin ya karɓi katin.

Ranar Asabar tun kafin La'asar ina bakin ƙofar zauren da littafi. Abin da na faɗa wa maigida shi ya faru. Manyan da suka zo da kansu ba su cika sahu biyu ba. Sauran duk wakilai ne, wasu ma ba su san abin da aka aiko su gani ba, ɗaya ya tambaye ni ko za a raba abinci. Kujeru da yawa babu kowa. Madam Rifkatu ta zo da kanta ta tsaya a taga ta waje, cikin kayan zuwa coci.

Sai ga Nomau, a ƙafa, cikin farar riga da ta sha wanki da shuni, ba goge a kafaɗa. Ban taɓa ganinsa a wurin taro ba goge ba, sai na ga kamar ya rage tsawo. Ya miƙo kati da hannu biyu, na duba na mayar masa. Ina rubuta sunansa a layin wakilai sai na ji maigida a bayana.

"Usman, mi nika gani?"

"Wakilin Malam Manu na, ranka shi daɗe."

Na miƙa masa takardar. Bai kai ga karanta kalmomin ba ya gane rubutun, na ga kafaɗarsa ta sauka. Ya karanta, ya dubi Nomau, ya dube ni. Mutane suna jira a bayanmu, ba damar ɗaga murya. Ya ninke takardar ya mayar min, ya ce a hankali, "Za mu yi magana ran Littinin." Sannan ya juya ga Nomau, kuma wannan na yaba masa har gobe, ya ce, "Bismilla, wakilin Malam." Da kansa ya kai shi kujera ta bakwai. Manajan banki ya ɗan ja kujerarsa gefe. Likita kuwa ya miƙa masa hannu suka gaisa.

Da aka rufe ƙofa na ga kujerun baya a wofi, na leƙa na yafito Madam Rifkatu. Na ce a raina tunda na riga na jiƙe, ƙarin ruwa ba zai yi min komai ba. Ni kuma na tsaya jikin bango daga gefe, inda nake ganin fuskar Nomau.

Makaɗan suka fito, maza biyu mata biyu, cikin baƙaƙen kaya duk da zafin da ake yi. Biyu suna riƙe da ƙananan goge da ake maƙalewa a ƙarƙashin haɓa, ɗaya da mai ɗan girma, ɗaya kuma da wani ƙato da ake kafa shi a ƙasa tsakanin gwiwoyi. Suka zauna suna fuskantar juna, kowa da takarda a gabansa. Suka ɗan gwada tsirkiya suna murɗa kunnuwan goge. Nomau ya gyaɗa kai, wannan ya san shi. Sai suka dubi juna, suka ja numfashi tare, suka fara.

Ba zan yi muku ƙarya in ce na fahimci kiɗan ba. Daɗinsa na ji a wasu wurare, a wasu kuma hankalina ya tafi ran Litinin. Zauren ma haka: kujeru suna ƙara, ana tari, da makaɗan suka ɗan tsaya aka ɓarke da tafi, maigida ya juyo yana zare ido har aka yi shiru. Ni dai idona yana kan mutum ɗaya.

Nomau ya tura jikinsa gaba har ya kusa barin kujera, ya ƙanƙance ido. Da farko ya kafa wa dattijon makaɗin da ke gefen hagu ido, ya ɗauka shi ne ubangidan. Can sai na ga kansa ya koma kan matar da ke riƙe da ƙaton goge. Ya koma kan na tsakiya. Ya dawo. Ya yi ta bin su ɗaya bayan ɗaya kamar mai neman akuyarsa a garke. Daga nan na ga yatsunsa suna motsi a kan gwiwa, yana lissafa wani abu, ya kai ƙarshe ya sake farowa.

Da aka shiga wani kashi mai sanyi, a hankali, sai ya sa hannu ya rufe baki, kafaɗunsa suka fara rawa. Na ce shi ke nan, ko kuka yake ko wani ciwo ya taso masa, yau na shiga uku. Likita ma ya juyo ya dube shi. Na matsa kaɗan na duba da kyau. Dariya yake yi, ba sauti, hawaye yana bin gemunsa. Ya daɗe a haka. Sannan ya goge fuska da hannun riga, ya jingina da kujera, ya rufe ido. Bai sake buɗewa ba har aka gama. Mutumin da na roƙo wa kati har Argungu don ya gani, rabin wasan ido a rufe ya yi shi.

Makaɗan suka miƙe, aka yi tafi na halal, manya suka yi hoto da baƙi, kowa ya yi sauri don Magariba ta kawo kai. Na samu Nomau a waje gindin dogon yaro yana sa takalmi, don ashe cire su ya yi a ƙarƙashin kujera. Madam Rifkatu tana tsaye kusa.

"Baba Nomau, ka ga hannun?"

Ya kama hannuna ya riƙe, dariyar ta dawo masa.

"Malam Usumanu, ashe su huɗu na! Abin da nij ji ga rediyon tela, mutum huɗu ka yin shi, ba guda ba. Kowa da tsirkiya huɗu. Na ƙilga sau ukku don kada in yi musu ƙarya. Sha shidda! Ga takarda gabansu suna dubi. Ni ko tsirkiya guda gare ni, ba takarda, shekara ishirin ina zagin hannuna."

Madam Rifkatu ta ce, "Ai Baba, da an tambaye ni da na faɗa tun ran Laraba. Mu ma a coci haka muke waƙa, murya huɗu." Na ji kunya ta rufe ni. Amsar tana zaune a ɗaki ɗaya da ni, tana buga mana jeri, ba wanda ya ga ta isa a tambaye ta, balle a ba ta kati.

Nomau ya ce a'a, gara da ba a faɗa masa ba, da ba zai yarda ba sai ya gani. Na tambaye shi to yanzu ya raina su ke nan? Ya saki hannuna, fuskarsa ta koma ta aiki.

"Subhanallahi. Sun iya, wallahi sun iya. Na nemi ubangidan har na gaji, babu shi. Wanga shi ɗauko magana shi aje, waccan ta ɗauka, mai ƙaton nan tana riƙe da su dut daga ƙasa. Ba wanda ad danne wani. Wanga ban taɓa gani ba. Amma hannu, irin nawa na. Yatsa biyat."

Ran Litinin na samu takardar tuhuma a kan teburina, Madam Rifkatu ce ma aka sa ta buga, ta ajiye min tana kallon rufi. Ga waɗanda ba su sani ba, takarda ce da ake ba ma'aikaci ya bayyana cikin kwana biyu dalilin da ya sa ba za a hukunta shi ba. Laifina, in ji takardar, shi ne na yi amfani da tafiyar aiki na shirya abin da shugabana ya hana. Kuma gaskiya ne, hakan na yi. Na amsa cewa kati na Malam Manu ne, wakili nasa ne, amma ni na je na roƙa, ban kuma sanar da maigida ba, a nan na yi kuskure. Ba a kai maganar Sakkwato ba. Sai dai a rahoton ƙarshen shekara maigida ya rubuta cewa ina da ƙwazo amma ina buƙatar ƙarin koyon biyayya. Wannan layi ɗaya ya sa na ƙara shekara a riƙo. Ya yi min ciwo a lokacin, ba zan ɓoye ba, don na riga na faɗa wa mai ɗakina ta fara shirin murna.

Abin da na koya shi ne, jerin da ke cikin fayil yana gaya maka wanda zai yi fushi idan ba ka ba shi ba, amma ba ya gaya maka wanda ke so. Wannan sai ka tashi daga kujera ka tambaya, kuma ka fara da na kusa da kai. Ban ce ku yi watsi da jeri ba, zai cinye ku. Ban kuma ce ku zagaye shugabanninku ba, na gaya muku abin da ya jawo min. Amma tun daga ranar, duk katin da ya biyo ta hannuna, idan na kai wa babban mutum nakan tsaya in tambaye shi ko zai zo, idan ba zai zo ba in ce ina da wanda zai wakilce shi da zuciya ɗaya. Za ku yi mamakin yawan waɗanda ke cewa to. Daga baya Alhaji Haliru da kansa yakan leƙo ya ce, "Usman, cikin mutanenka wa za mu ba katin Malam?"

Bayan wasan da kamar wata biyu aka yi mana baƙi daga Sakkwato, muka aika wa Nomau kamar kullum. Ya zo da masu ƙwaryarsa ya zauna a tabarma. Na lura da wani abu yana lilo a wuyan gogen, an ɗinke shi cikin fata kamar laya, an bar gefe ɗaya a buɗe, lamba bakwai tana leƙowa. Ya shafa ƙaro a bakan gogen, ya gyara zama, ya ja. Na sha jin gogen Nomau, amma ban taɓa jin ya sake shi kamar ranar ba, ba sauri, ba neman burge kowa, har baƙin suka daina hira.

Da ya gama na kai masa ruwa, na ce yau kam hannu ya faɗa. Ya sha, ya shafa tsirkiyar nan tasa guda ɗaya da babban yatsa.

"Da can kiɗi nika yi ina jin kunyar wani mutum," in ji shi. "Ashe babu shi."